Unravel, untangle da disentangle: tambayoyi da amsoshi kan aikatan warwara a Turanci

Tambayoyin nan ba daga bakin mutum ɗaya suka fito ba. Ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB sun yi mini su, masu fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa sun yi, har da 'yan'uwa mata da ke koyon saƙa ta bidiyon Turawa. Da na ga suna ta dawowa sai na haɗa su wuri guda, na faro daga masu sauƙi. Na fi daɗewa a kan *unravel*, domin ita ce ta fi kama da kalmarmu ta "warware", kuma kama da wane ba ta wane.

Mene ne ainihin ma'anar *unravel*?

Asalinta kalmar masu zare ce. Idan aka saƙa abu, rigar sanyi ko hular jariri ko safa, sai mutum ya kama bakin zaren ya ja, saƙar ta riƙa fita layi-layi har abin ya koma zare, to wannan aikin shi ne *unravel*. Bature zai ce *She unravelled the old sweater and used the wool again*, wato ta warware tsohuwar rigar sanyin ta sake amfani da ulun. Haka nan ake faɗa idan bakin zane ko gefen darduma ya fara sakin zare da kansa.

Daga wurin masu zare kalmar ta samu ma'anoni biyu na aro, kuma su ne za ka fi cin karo da su a jarida. Ta farko ita ce bin diddigin al'amari mai sarƙaƙiya har a gano bakin zarensa, kamar a *unravel a mystery*. Ta biyu ita ce wargajewar abin da aka daɗe ana haɗawa, kamar a *the agreement unravelled*. Ta farkon nasara ce, ta biyun asara. Yadda ake gane wacce ake nufi yana nan ƙasa a amsar da ta yi magana kan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa a cikin jimla, kuma idan amsa ɗaya kaɗai za ka karanta a wannan shafi, ita nake so ka karanta.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa uku gare ta, an-ra-val, kuma nauyin murya yana kan ta tsakiya. Harafin *u* na farkon ba irin na "uwa" ba ne, ya fi kusa da gajeren "a". Wasalin gaɓar ƙarshe kuwa da ƙyar ake jin sa.

Inda muke shan wahala shi ne *v*. Hausa ba ta da wannan sauti, shi ya sa baki ke kai shi ga "b" ko "f", sai ka ji an ce "anrabul". Ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓenka na ƙasa, ka saki iska tare da amon murya. Idan ka sa yatsa a maƙogwaro ka ji yana rawa, ka samu. Leɓɓa biyu in suka haɗu to "b" ce ta fito.

Malam, mene ne bambancinta da *untangle*? Ƙamus ɗina ya ba su fassara iri ɗaya.

Ƙamus bai yi ƙarya ba, akwai inda suke haɗuwa, musamman a kan zaren da ya harɗe. Amma ga tambayar da nake sa ɗalibaina su yi wa kansu: bayan ka gama aikin, me ya rage a hannunka? Idan abin ya dawo daidai yadda ake son sa, *untangle* ka yi. Wayar caja da ta cukurkuɗe a cikin jaka, igiyar guga da ta harɗe, sarƙar wuya da ta ƙulle kanta a cikin akwati, tarun da masunci ya zauna bakin ruwa yana gyarawa, duk waɗannan ba wanda ya cukurkuɗa su da gangan, kuma idan an gama suna nan lafiya lau. *He untangled the fishing net* na nufin tarun ya koma bakin aiki.

Idan kuwa abin da ka fara da shi ya ɓace, zare kawai ya rage, *unravel* ka yi. Da za a ce *He unravelled the fishing net*, mai sauraro zai iya ɗauka cewa mutumin ya warware saƙar tarun ne ɗungurum. Don haka *untangle* tana kawar da cukurkuɗewa, *unravel* tana iya kawar da saƙar kanta. Ba za ka ji an yi amfani da *untangle* a kan warware rigar da aka saƙa ba.

A ma'anar aro ma haka bambancin yake tafiya. Akawun da aka ba wa littafin kuɗin da aka jagwalgwala zai yi *untangle the accounts*, ya shirya lissafin ya zama a fili. Mai binciken da ke bin sawun wata zamba zai yi *unravel the fraud*, domin zambar saƙa ta aka yi da gangan.

To ita kuma *disentangle* fa?

'Yar'uwar *untangle* ce, sai dai ta fi ta sa babbar riga: a rubutun ilimi da na shari'a da sharhin jaridu aka fi ganin ta. Abin da ya keɓance ta shi ne tana son *from* a bayanta, saboda aikinta shi ne fitar da abu ɗaya daga cikin wani da ya sarƙe da shi. Akuya ta maƙale a wayar shinge, mai ita ya zo ya cire ta: *He disentangled the goat from the fence*. Ɗan jarida yana ƙoƙarin raba gaskiya da jita-jita: *to disentangle fact from rumour*.

Ana kuma yawan amfani da ita a kan mutum da kansa. *She disentangled herself from the business* na nufin ta zare jikinta daga harkar, kuma kalmar tana nuna cewa zarewar ba ta zo da sauƙi ba. Idan halin da aka shiga ya fi haka tsanani, kamar bashi ko shari'a, akwai *extricate*, ita ma da *from* take tafiya. *Unravel* kuwa ba a saba bin ta da *from* ta wannan hanya ba.

Da *l* ɗaya ake rubuta *unravelled* ko da biyu? Kwamfutata tana ja mini jan layi.

Duka biyun daidai ne, kowanne a gidansu. Birtaniya tana rubuta *unravelled* da *unravelling*, Amurka tana rubuta *unraveled* da *unraveling*. Haka abin yake a *travelled* da *traveled*, da *cancelled* da *canceled*. Ƙa'idar Amurkawa ita ce ba a ninka *l* sai nauyin murya ya faɗa a kan gaɓar ƙarshe, kamar a *compelled*. Tunda a *unravel* nauyin yana tsakiya, sai su bar ta ɗaya. Wannan salon ya samu gindin zama ne ta hannun Noah Webster, wanda babban ƙamus ɗinsa ya fito a 1828.

Makarantun Najeriya da Ghana salon Birtaniya suka gada, don haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya ninka *l*, kuma kada ya gauraya salo biyu a rubutu ɗaya. Jan layin da kake gani, yawanci saboda an saita kwamfutar a kan Turancin Amurka ne. Ka canza saitin harshe zuwa na Birtaniya zai ɓace. *Untangle* da *disentangle* ba su da wannan rigima, sai dai a tuna cewa *e* ta ƙarshe tana faɗuwa a *untangling*.

Ta yaya zan gane ko *unravel* tana nufin gano bakin zare ne ko wargajewa?

Ka duba ko akwai karɓau a bayanta. Idan wani ne yake yin aikin a kan wani abu, wato aikatau ɗin ya zo a matsayin so-karɓau, kuma abin nan asiri ne ko abu mai wuyar fahimta, to ma'anar ita ce ganowa. Ana yawan cewa James Watson da Francis Crick, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, sun yi *unravel the structure of DNA* a 1953. Ba su lalata komai ba, sun gano yadda ƙwayar halittar take a tufke ne. Kalmomin da suka fi zama karɓau a nan su ne *mystery*, *secret*, *plot*, *truth* da *circumstances*.

Idan kuma babu karɓau, abin da kansa ne ya yi *unravel*, to kusan kullum labarin ba mai daɗi ba ne. Masu kallon ƙwallo ba za su manta da ranar 8 ga Yulin 2014 ba, lokacin da Jamus ta ci Birazil 7 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya, a birnin Belo Horizonte. Daga minti na 23 zuwa na 29 ƙwallo huɗu suka shiga raga. Irin wannan shi ne ainihin wurin cewa *Brazil unravelled*: an ja zare ɗaya, sauran suka biyo baya, ba mai iya tsayar da su. Haka masu tarihi ke cewa *the Soviet Union unravelled*, domin Tarayyar Sobiyat ba dare ɗaya ta rushe ba, jamhuriyoyinta sun yi ta zare jiki ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare a Disambar 1991. Wannan ne ya bambanta kalmar da *collapse*, wadda ke nuna faɗuwa gaba ɗaya kamar katangar da ruwa ya ci.

Mai fassara ya kula sosai a nan. *The peace deal is unravelling* ba ya nufin ana warware matsalolin yarjejeniyar. Yana nufin yarjejeniyar tana wargajewa, ko tana neman sukurkucewa. Na taɓa jin an juya irin wannan jimla a kan akasinta, masu sauraro suka tashi da murnar an samu maslaha alhali ana gab da komawa faɗa. Akwai 'yar togaciya guda: idan aka ce *the mystery slowly unravelled*, babu karɓau amma ma'anar ita ce asirin ya riƙa bayyana, domin wargajewar asiri ai ita ce tonuwarsa.

Mahaifina ya yi jinya ya samu sauƙi. Zan iya rubuta wa abokin aikina cewa *My father has unravelled*?

A'a, ɗan'uwa, don Allah kada ka rubuta haka. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. A Hausa idan muka ce mara lafiya ya warware, albishir ne. A Turanci idan aka ce mutum ya yi *unravel*, ana nufin ya fara ruɗewa, damuwa ko baƙin ciki sun fi ƙarfinsa, hankalinsa ya daina zama wuri ɗaya. *He began to unravel after losing his job* na nufin tun da ya rasa aikinsa ya soma susucewa. Abokin aikinka zai ɗauka taɓin hankali kake ba shi labari. Abin da za ka rubuta shi ne *My father has recovered*, ko *He is much better now*, ko kuma *He pulled through* idan ciwon ya yi tsanani har an fid da rai.

A ganina bambancin ya samo asali ne daga yadda kowane harshe yake kallon mutum. Mu muna ɗaukar ciwo kamar wani abu da ya ɗaure jiki, ya ƙulle gaɓoɓi, don haka ranar da ɗaurin ya saki, mutum ya warware. Bature a wannan kalma yana kallon mutumin ne kamar tufa da aka saƙa, idan zarensa ya fara fita to shi ne yake ƙarewa. Zare ɗaya ne a harsunan biyu, wurin da aka ɗaura shi ne ya bambanta.

Idan abin da kake nufi shi ne mutum ya saki jiki ya huta bayan gajiya, kalmar ita ce *unwind*: *I need to unwind after work*, wato ina bukatar in warware gajiya bayan tashi daga aiki.

"Warware matsala" fa, ko "warware rikici"? Nan ma *unravel* ba ta shiga?

Ba ta cika shiga ba. *Unravel* tana kai ka ga fahimtar yadda abu yake, ba lallai ta kai ka ga magance shi ba. Kwamiti zai iya yin *unravel the causes of the crisis*, ya gano musabbabin rikicin tsaf, rikicin kuma yana nan bai mutu ba. Warware matsala *solve a problem* ne, warware rikici tsakanin mutane *resolve* ko *settle a dispute*, a hira ta yau da kullum kuma *sort out*.

Kalmarmu ta "warware" tana da faɗi fiye da kowace ɗaya daga cikin na Turancin, kuma kowane lungu nata da kalmarsa. Warware alkawari *break a promise* ne. Warware ciniki ko kwangila *cancel* ne, ko *revoke* a bakin lauyoyi. Abubuwan da ke warware alwala, littattafan fiƙihu na Turanci *nullify* ko *invalidate* suke cewa.

Wani abin da ke burge ni shi ne ita kanta *solve* ɗin daga kalmar Latin *solvere* ta fito, wadda ma'anarta kwancewa ce ko sassautawa. Larabci ma haka: "halla" kwance ƙulli ne, kuma daga gare ta aka samu "hall", mafitar matsala. Duk wanda ya haddace addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha ya san wurin da ya roƙi a kwance ƙulli daga harshensa, a aya ta 27. Harsuna da dama sun haɗu a kan ɗaukar matsala a matsayin ƙulli.

Ina ganin jaridunmu suna rubuta *Police vow to unravel killers*. Daidai ne?

Ni ma ina gani, kuma ba na so ɗalibi ya kwaikwaya. Abin da ake yi wa *unravel* shi ne al'amarin, ba mutumin da ya aikata shi ba. *Unravel the murder*, *unravel the plot*, *unravel the circumstances surrounding his death*, duk waɗannan sun zauna. Su makasan kuwa *identify* ɗinsu ake yi, ko *unmask* idan ana nufin tona asirinsu, ko *track down* idan ana nufin farautarsu har a kamo su. Mai karatu daga wata ƙasa idan ya ga *unravel killers* zai tsaya yana tunanin me ake nufi, musamman idan ya tuna ma'anar da kalmar take da ita a kan mutum, wadda aka yi bayaninta a amsar mai jinya.

Akwai kuma masu rikita ta da *unveil* saboda kamannin sauti. *Unveil* yaye lulluɓi ne, shi ya sa ake amfani da ita wajen ƙaddamar da sabon shiri ko sabuwar mota: wanda ya san abin ne yake nuna wa jama'a. Mai yin *unravel* bai san amsar ba tun farko, wahala ya sha kafin ya kai gare ta. Gwamna yana *unveil* kasafin kuɗi. Masu bincike ne ke *unravel* inda kuɗin suka shige.

Idan *un-* tana juya ma'ana, ke nan *ravel* na nufin cukurkuɗawa?

Tambaya mai kyau, kuma amsarta ita ce e da a'a. Ɗafa-goshin *un-* idan ya hau aikatau yakan juya aikin: *tie* ɗaurewa, *untie* kwancewa, *lock* kullewa, *unlock* buɗewa. Amma *ravel* tana cikin 'yan kalmomin nan na Turanci da ke ɗauke da ma'ana da kishiyarta a ciki ɗaya. Tana nufin cukurkuɗawa, tana kuma nufin warwarewa. Ta shigo Turanci ne daga harshen mutanen Holan a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da cinikin tufafi ya haɗa Holan da Ingila, kuma har yau suna da kalmar *rafelen* a kan tufar da bakinta ke sakin zare. *Unravel* ta bayyana wajen shekarar 1600.

Duk wadda ta taɓa warware saƙa ta san dalilin wannan tagwayen ma'ana. Kina jan zaren, rigar tana warwarewa a hannunki, zaren da ya fita kuma yana taruwa a ƙasa yana harɗewa. Aiki ɗaya ne ya haifi abu biyun. Shakespeare ya yi amfani da kalmar ta fuskokin nan biyu. A wasan *Macbeth* ya kira barci da mai gyara *the ravell'd sleave of care*, wato curin zaren damuwa da ya cukurkuɗe. A *Hamlet* kuma akwai *ravel all this matter out*, ma'ana a fayyace al'amarin gaba ɗaya, abin da Bahaushe zai ce a warware zare da abawa.

A Turancin yau *ravel* ta kusa ɓacewa daga bakin mutane. Ka san ta don karatu, amma a rubutunka ka yi amfani da *tangle* idan cukurkuɗawa kake nufi, *unravel* idan warwarewa.

Ni mai kitso ce kuma ina ɗinki. Wace kalma zan yi amfani da ita a kan tsifa da farke ɗinki?

Hajiya, kowannensu da tasa. Tsefe kitso *undo* ne ko *take out*: *She is taking out her braids*. Idan an tsefe, gashin ya dunƙule ana bin sa da matsefi a hankali, wannan *detangle* ne, kalmar da za ki gani a jikin robobin man gashi da na sabulun wanke kai. *Untangle* ma ta yi, sai dai masu harkar gashi sun fi riƙe *detangle*. Idan kuwa kitson ne ya fara saki da kansa saboda ya tsufa, za a iya cewa *the braids are unravelling*, ko *coming loose*.

Farke ɗinki don a gyara *unpick* ne: *unpick the seam*. Kwance ƙulli guda ɗaya *untie*. Warware zare daga jikin kwarkwaro ko warware rawani *unwind*. Shimfiɗa tabarmar da aka naɗe *unroll*. A bidiyon masu saƙa da kwarashi kuma za ki ji suna cewa *frog*, wato kwaɗo, idan za su warware saƙar da suka yi kuskure a ciki. Wasa da kalma ne: *rip it, rip it* da suke faɗa yana kama da yadda Bature ke kwaikwayon kukan kwaɗo. Tsakaninsu kawai suke faɗin haka, ba a sa shi a rubutun jarrabawa.

Akwai abin da ya yi daidai da "tufka da warwara" a Turanci?

Babu karin magana guda da ya zauna daidai a kansa. A magana ta yau da kullum za su ce *doing and undoing*, ko su ce wani yana *undoing* aikin da wani ya yi. Idan gwamnati ce ke faɗin magana yau ta janye gobe, 'yan jarida kan ce *flip-flop* ko *U-turn*. Masu ilimin adabi kuma sukan ambaci saƙar Penelope. A tsohon labarin Girkawa, mijinta Odysseus ya daɗe bai dawo daga yaƙi ba, manema suka cika mata gida, sai ta ce ba za ta zaɓi kowa ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta. Da rana ta saƙa, da dare ta warware, haka ta yi shekara uku kafin wata baiwarta ta tona mata asiri. A duk inda aka ba da wannan labari da Turanci, da wuya ka rasa *unravel* a ciki.

Wanda ya yi karatun allo yana da misalin da ya fi wannan kusa da shi. A Suratun Nahli, aya ta 92, an hana masu alkawari su zama kamar matar da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Marmaduke Pickthall, a fassararsa ta Turanci da ta fito a 1930, *unravelleth* ya sa a wurin, wato *unravels* a tsohon salo. Ɗalibin da ya riƙe wannan aya ya riƙe ma'anar kalmar ta asali.

Tunda ana maganar Girkawa, kalmar *clue* da ke yawan rakiyar *unravel a mystery* ita ma ta masu zare ce. Tsohon rubutunta *clew* ne, curin zare. Ta samu ma'anar "alamar da ke kai mutum ga gaskiya" ne daga labarin Theseus, wanda Ariadne ta ba shi curin zare ya riƙa saki yana shiga wani gini mai lunguna masu ɓatar da mutum, ya kuma bi zaren ya fito.

Ana iya mayar da ita suna? Kuma mu da muka yi boko da Faransanci a Nijar, da me za mu kwatanta ta?

Sunan shi ne *unravelling*, kamar a *the unravelling of the coalition*, wargajewar ƙawancen. Daga *disentangle* ana samun *disentanglement*, amma kalma ce mai nauyi, ba kasafai ake bukatar ta ba. Shi kuwa cukurkuɗaɗɗen abin *a tangle* ne, sifarsa *tangled*.

Ga 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, *démêler* ita ce ta fi kusa da *untangle* da *disentangle*, har a kan gashi da kuma raba gaskiya da ƙarya. Warware saƙa *détricoter* ne ko *défaire*, tufar da ke sakin zare kuma *s'effilocher*. *Dénouer*, kwance ƙulli, ita ce ta haifi *dénouement*, wadda Turanci ya ara yadda take: ƙarshen wasa ko labari, inda ake kwance duk ƙulle-ƙullen da marubuci ya yi. Ɗaliban adabin Turanci suna haɗuwa da ita a darasin wasan kwaikwayo, kuma sau da yawa da *the unravelling of the plot* ake yi musu bayaninta.

Idan ta fito a jarrabawa, a sashen kalma mafi kusa da ma'ana ko kishiyarta, yaya zan yi?

Kada ka zaɓi amsa daga kallon kalmar ita kaɗai, ka karanta jimlar har ƙarshe, sannan ka nemi karɓau kamar yadda aka nuna a sama. A jimla irin *The auditors unravelled the scheme within a week*, akwai masu aiki, akwai abin da aka yi wa aikin, kuma abin nan makirci ne. Mafi kusa da ma'ana zai zama *solved*, *figured out* ko *exposed*. Kishiya kuma *complicated* ko *concealed*. A jimla irin *Their marriage unravelled within a year* babu karɓau, don haka ka nemi *fell apart* ko *broke down*, kishiyarta kuma *held together* ko *endured*.

Tarkon da aka fi ɗanawa shi ne a sa maka *solved* da *collapsed* duka a cikin zaɓin, domin an san kowacce tana iya zama ma'anar kalmar a wani wurin. Wani tarkon kuma kalmomi ne masu kama da ita a ido: *unrivalled*, wanda ba shi da na biyu, da *unruffled*, wanda hankalinsa ke kwance. Ba su da wata dangantaka da zare. A rubutun insha'i kuwa, idan kana shakkar ko *unravel* ta dace da jimlarka, ka gwada sa "gano bakin zaren" ko "wargaje" a wurinta da Hausa. Idan ɗayansu ya zauna, ka rubuta ta. Idan "magance" ko "samu sauƙi" ne suka zauna, ka koma ga *solve* ko *recover*.